Daga Kaduna Zuwa Funtuwa Tukunyar Rogo Ɗaya Ce

Jiya da la'asar jikata Hadiza ta ce muku wai kakanta gadin ciyawa ya yi da ƙuruciya, kuka bushe da dariya har da masu riƙe ciki. Na ji, kuma na ji haushi. Ɗayanku ya latsa waya ya karanto mini nisan Kaduna da Funtuwa a jirgin sama, da mintocin da za a yi a hanya, sai ka ce shi ya auna. To madalla. Ni shekara tara na yi ina auna wannan tafiya, kuma da tukunya na auna ta. Ku ajiye wayoyin nan ku matso, don ba zan ɗaga murya ba.

A wancan zamani, 'yan shekaru bayan an sami mulkin kai, akwai wani kamfanin auduga da ke da filin saukar jirgi a bayan gari, ta wajen hanyar Maska. Ba kwalta, ba shinge, ba bene. Doguwar ƙasa ce kawai da aka baje, aka jera fararen duwatsu gefe da gefe, sai wata tsamiya a ƙarshenta. Wani ƙaramin jirgi mai cin mutum huɗu ke sauka, ya kawo manyan kamfani su duba auduga, mota ta zaga da su Malumfashi da Musawa, su dawo su tashi. Lokacin cinikin auduga yakan zo sau biyu ko uku a wata. Da damina kuwa sai a yi wata biyu ba a ji ɗuriyarsa ba.

Maigidana shi ne Baba Tanko, tsohon soja, jikan Barebari, gajere mai faɗa. A hannunsa na hagu akwai agogon da ya tsaya tun a bakin daga, ƙarfe huɗu saura kwata, kuma bai yarda kowa ya taɓa shi ba. In ka tambaye shi lokaci sai ya ƙura wa agogon ido, sannan ya ɗaga kai ya dubi rana ya faɗa maka. Ranar da kawuna ya kai ni wurinsa ina da shekara kamar ashirin, na ɗauka tuƙin jirgi zan koya, har da sa sabuwar taguwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini kwando. Ya ce, "Kai ne Sale? Kashin shanu. Fara daga tsamiya. In ka kai ƙarshe ka juyo, za ka tarar sun sake yi."

Kayan aikinmu ba su da yawa: lauje biyu, adda, diga, fartanya, bokitin farar ƙasa ta shafa wa duwatsu, kwandon nan, da wata baƙar tukunyar ƙarfe mai murfi. Digar ta gara ce. Gara ita ce babbar abokiyar gabarmu, don a kwana biyu sai ta tayar da suri a tsakiyar fili, in kuwa tayar jirgi ta yi karo da shi, sai dai wani direban, ba wannan ba. Kuma rushe surin ba shi ne aiki ba, sai ka haƙa har ka tono uwar, in ba haka ba gobe ta sake gini. Kowace safiya nakan taka filin nan ba takalmi daga farko har ƙarshe, don tafin ƙafa ya fi ido ganin rami. Har yau in na shiga tsakar gidan mutum ƙafata takan gaya mini inda gafiya ta bi.

Akwai kuma wandon iska. Wani dogon buhu ne mai baki biyu da ake ratayewa a kan gora, direba ya hango daga sama ya san inda iska ta dosa. Na kamfani ya yage, aka yi ta rubuta takarda ba a aiko da wani ba, sai Baba Tanko ya kai wa tela tsohon wandonsa na soja aka yanke ƙafa ɗaya. Shekara biyu jirgi na sauka da ƙafar wandon Baba, da ta mutu aka ɗora ɗayar. Amma direban, wani Bature da muke kira Dogon Wuya, ya ce wandon ya yi nauyi, ba ya motsi sai an yi guguwa. Ya ce a riƙa hura masa wuta kusa da tsamiya ana zuba ɗanyen ganye, ya riƙa bin hayaƙi. Daga wannan wutar tukunya ta samo asali, don Baba ya ce shi bai taɓa ganin inda wuta ta ci itace a banza ba.

Ga yadda abin yake. A ofis, kamar rabin mil daga fili, akwai akawu, Malam Bitrus, mutumin wajen Musawa, mai tabarau da alƙalami uku a aljihu. Shi ke zama gaban rediyon oba-oba. Da zarar an ce masa jirgi ya bar ƙasa, sai ya fito ya bugi wani guntun ƙarfen reluwe da aka rataye a bishiya. Bugu ɗaya, daga Zariya. Biyu, daga Kaduna. Uku, daga Kano. Mu kuma da jin ƙarfe sai mu ɗora tukunya. Baba ya daɗe yana gwaji har ya gano kowane gari da abincinsa. Zariya dankali ce. Kaduna rogo. Kano wake ne da 'yar kanwa. Sau ɗaya aka ce daga Sakkwato zai taso, Baba ya aika kasuwa aka sayo ganda. Kuma ba da ka ake yi ba: ruwan sanyi kwano uku, itacen marke guda huɗu, rogo a yanka shi tsawon ɗan yatsa. In tsinke ya shige rogo ba gardama, to abin da ya rage maka shi ne lokacin da mutum zai yi alwala ya yi raka'a biyu a natse, sai ka ji gunji daga kudu.

Malam Bitrus bai taɓa yarda da tukunya ba. Wata rana ya zo da taswira ya shimfiɗa a ƙasa, ya ɗauko zare ya bi hanyar mota da shi, daga Kaduna ta Zariya har Funtuwa, sannan ya miƙe zaren ɗoɗar daga gari zuwa gari.

Ya ce, "Baba, ka gani? A ƙasa kusan mil ɗari ne, a sama kuwa wajen saba'in. Minti arba'in ne, ko da 'yar ɗoriya. Ka bari a gyara maka agogon nan ka huta."

Baba ya ce, "Malam, ragowar mil talatin ɗin wa ya cinye?"

"Ba wanda ya cinye. Hanya ce ke lanƙwasa, sama ba ta lanƙwasa."

"Ka hau ka gani?"

"Ban hau ba."

"To ni ma ban hau ba, amma rogona na ci. Mintin nan naka arba'in, ka taɓa cin ko ɗaya?"

Malam Bitrus ya naɗe taswirarsa ya zauna, aka zuba masa rogo da ƙuli. Na lura tun daga ranar bai cika bari saukar jirgin Kaduna ta wuce shi ba. Ni dai a zuciyata ina bayan Baba, don na taɓa zuwa Kaduna a bayan lori, muka tashi da hantsi, taya ta fashe sau biyu, ba mu shiga gari ba sai da ana kiran magariba. A ce wannan tafiyar minti arba'in ce, hankalina bai ɗauka ba. A ce tukunyar rogo ce, na yarda, don idona ya gani.

Kun ce gadin ciyawa. To ku sani, sunan filin na kamfani ne, amma masu shi na gaskiya mata ne da shanu. Duk yankin ba wuri mai faɗi da tsafta kamarsa, saboda haka da rani mata ke shanya barkono da kuɓewa da kayan wanki a kai. Burtalin shanun Ardo Buba kuma ta tsakiyarsa ya ratsa zuwa rafi, tun kafin a haifi wanda ya ƙera jirgin. Ba yadda za ka hana su, kuma Baba bai so ya hana ba, don shanu ke yi mana rabin yankan ciyawa. Shi da Ardo kullum cikin tsiya suke, irin ta Bafillace da Babarbare, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, amma sun yi yarjejeniya ɗaya da ba a taɓa karyawa ba. Jin ƙarfen ofis ba ya tayar da kowa. Ganin hayaƙi ma haka. Amma in rogo ya nuna, Baba zai sauke tukunya ya kwankwashi murfinta da adda, to kowa ya kwashe nasa.

Shanun ma sun koyi wannan doka, kuma sun fi mutane kiyaye ta. Baba yakan tsiyaye ruwan tukunya a wani kwami, ɗan rami da ke bayan tsamiya, ya zuba ɓawon da ya fere da ɗan guntun kanwa. Akwai wata tsohuwar baƙar saniya mai ƙaho ɗaya a karye, Gwaggo muke ce mata, ita ke jan garken. Da ta ji murfi ya yi ƙara sai ta ɗaga kai ta nufo kwami da sassarfa, sauran su biyo ta a jere, ko sanda Ardo ba ya ɗagawa. Sabo turken wawa, in ji masu magana, to har da saniya.

Kuskurena na farko barkono ne. Wata Iya Saratu ta yi shanya a can ƙarshen fili, inda jirgi ke juyawa. Da aka buga murfi ta ce ƙafarta na ciwo, in bar mata, ai a gefe yake. Ni kuma ina ganin girman furfura na bari. Jirgi ya sauka lafiya, ya zo ya juya, farfela ta ɗebi barkonon nan ta watsa wa duk wanda ya zo tarye. Manaja da hularsa, da wakilin hakimi da rawaninsa, da 'yan doka biyu, ba mai iya cewa sannu da zuwa, sai atishawa. Dogon Wuya ya buɗe ƙofa ya shaƙa sau ɗaya, ya mayar ya rufe. Iya Saratu kuwa ta bi ni da zagi har gida wai na bari an sace mata barkono ta sama. Baba bai doke ni ba. Ya sa ni na share wurin da tsintsiya, ba ƙyalle a hanci.

A shekara huɗu na koyi duk abin da ya nuna mini. Na iya fere rogo daidai yatsa ido rufe, na iya jin gunjin jirgi kafin kare ya ji. Abu ɗaya kawai nake ƙorafi a kai. In jirgi zai zo da damina, wanda ba ya wuce sau ɗaya ko biyu a shekara, sai Baba ya ƙirƙiro mini aike. Yau farar ƙasa ta ƙare, in tafi Dandume. Gobe ƙotar diga ta tsage, sai maƙerin Maska. In dawo in tarar jirgi ya zo ya tafi, tukunya a wanke a kife. Na ɗauka mugunta ce irin ta tsofaffi, ko yana so ya cinye rabona.

To sai muguwar shekarar ta zo. Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya, sati biyu ba ƙaƙƙautawa, har ya cinye wata gada a hanyar Zariya, motoci suka yi cirko-cirko ta kowane ɓangare. A cikin wannan hali wata safiya Baba ya sunkuya zai ɗaga dutse, ƙabar da ya daɗe yana fama da ita ta murɗe. Aka kwashe shi zuwa ɗakin shan magani yana amai. Malamin asibiti ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai an yi masa fiɗa a Kaduna, kuma a yau, in aka kwana to a nemi likkafani. Mota ba hanya, jirgin ƙasa sai jibi. Malam Bitrus ya shiga wurin manaja ya tsaya a kansa, ya ce mutumin da ya ba da wandonsa don jirgin kamfani, ai jirgin kamfani ya ɗauke shi sau ɗaya. Manaja ya yarda. Daga Kaduna suka ce Dogon Wuya zai zo, amma akwai hadari na haɗuwa a gabas, in ya iso bai sami fili a shirye ba zagaye uku zai yi ya juya.

Na koma fili ni kaɗai. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba, amma har da ɗan alfahari, don yau ni ne sarkin fili. Na taka shi sau biyu, na cike kwazazzabai, na tono busasshen marke daga ƙarƙashin rumfa don kada jiƙaƙƙen itace ya ɓata mini lissafi. Na shiga gonar Baba na tuge rogo mai kyau, fari sol, na fere, na yanka daidai yatsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa na fafe tawa tun da wuri. Ƙarfe ya yi ƙara sau biyu. Na zuba ruwa kwano uku, na ɗora, na rufe.

Can sai ga mutum huɗu sun kawo Baba a kan ƙyauren ɗaki, suka ajiye shi a inuwar tsamiya, idonsa a rufe yana nishi. Ardo ma ya iso da garkensa za su rafi, shanu fiye da ɗari. Ya tsaya ya dubi Baba, ya ce, "Kai bawa, ba ka nemi izinina ba za ka mutu?" Baba ya ci gaba da nishi, sai fuskar Ardo ta sauya. Ya juyo gare ni ya ce, "Sale, rogo fa?"

Na soka tsinke, ya ƙi shiga. Na ce, "Da sauransa, Ardo. Ko Zariya bai kawo ba."

Ya kora shanunsa cikin fili, suka baje suna kiwo.

Na ƙara jira na sake sokawa. Tsinke ya karye. Na ɗauko wani, shi ma ya lanƙwashe. Ruwa na tafasa yana ƙonewa, rogo na nan fari tas yana kallona. Na ce a raina lallai yau iska ta tare Dogon Wuya a hanya, Allah sarki. Ko sau ɗaya ban zargi tukunya ba. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Sai ga Malam Bitrus a kan keke yana taka shi tsaye, tabarau a karkace, yana ihu tun daga nesa. "Sale! Me shanu ke yi a fili? Minti arba'in sun cika!"

Na ce, "Malam, rogo bai nuna ba."

"Agogon bango na duba da idona!"

"Ni ma tsinke na soka da hannuna."

Ardo ya matso ya leƙa tukunya, ya ɗauki tsinke ya gwada da kansa, ya girgiza kai. Ya ce, "Malam akawu, yaron nan ya fi ka gaskiya. Wannan jirgi ko rabin hanya bai yi ba."

Malam Bitrus ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Ya Ubangiji, ka cece ni daga mutanen nan." Bai rufe baki ba muka ji gunji daga kudu.

Jirgin ya zo ya wuce ta kanmu ƙasa-ƙasa, har ina ganin wuyan direba ya leƙo. Zagaye na ɗaya ke nan. Shanu suka firgita suka watse, wasu gabas wasu yamma, amma duk a cikin fili. Ardo ya shiga da sanda yana fito, masu ɗaukar ƙyaure suka bi shi suna kaɗa riguna, Malam Bitrus ya hau kekensa yana bin wani bijimi yana kaɗa masa ƙararrawa, bijimin ya juyo ya bi shi har ya haye tsamiya. In an kore su nan su ɓullo can. Gwaggo kuwa tana tsakiyar fili daram, tana tuƙa, ta zuba wa tsamiya ido. Ardo ya doke ta, ya ja ƙahonta, ya yi mata magana da Fillanci, ko gezau. Jirgi ya sake wucewa. Zagaye na biyu. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga ƙafar wando.

Ni kuma me nake yi? Ina durƙushe ina hura wuta. Wallahi abin da nake yi ke nan. A kaina, murfi ba ya bugawa sai rogo ya nuna, saboda haka abin da ya kamata shi ne rogo ya yi sauri. Ina hurawa ina kuka, hayaƙi da tsoro sun haɗu, don na san in jirgin nan ya juya, ni na kashe Baba.

Sai na ji wata 'yar murya a bayana. "Kai. Me ka dafa?"

Na juya, Baba ya buɗe ido ɗaya. Na ce, "Rogo, Baba. Kaduna ce."

"Rogo? Da damina?" Ya yi nishi. "Buga murfin."

"Baba, bai nuna ba."

"Shashasha! Shanun sun ce maka za su ɗanɗana? Buga!"

Na sauke tukunya na cire murfi na shiga dukansa da adda kamar mai kiɗan ƙwarya. Gwaggo ta ɗaga kai. Ta juya a hankali irin na matar da aka ɓata wa lokaci, ta nufo kwami da sassarfa. Shanun da mutum shida suka kasa korewa suka bar abin da suke yi suka jeru a bayanta, har da bijimin da ya tsare Malam Bitrus a kan tsamiya. Wutsiyar ta ƙarshe na fita daga layin fararen duwatsu, jirgi na shawo kwanar zagaye na uku. Ya sauke taya, taɓo ya fantsama, ya gangaro ya tsaya.

Da muka ɗaga ƙyauren, Baba ya ce a miƙo masa rogon. Ba ci zai yi ba, an hana shi. Ya danna shi da babban yatsa, ya ji kamar dutse, ya rufe ido. Ardo ya zo da ƙullin fura da goran nono ya ce guzuri ne, Kaduna ba nan kusa ba ce. Dogon Wuya ya ce ba wuri. Ardo ya ce Turawa ba su da tausayi, a ɗauki mara lafiya tafiyar yini guda ba ko fura. Aka rufe ƙofa, jirgi ya tashi, bai gama ɓacewa ba ruwa ya kece. Muka fake a rumfa mu duka. Iya Saratu da ta zo kallo ta dube ni ta ce da ma ta san ba zan yi abin kirki ba. Ruwan bai ɗauke ba Malam Bitrus ya dawo daga ofis jiƙe sharkaf, ya ce sun sauka, an shiga da shi ɗakin fiɗa. Ardo bai yarda ba, ya ce shi ko nonon nan bai gama sha ba.

Sati uku Baba ya yi. An ce ya jira jirgi ya dawo da shi, ya ce a'a, ya hau lori bayan an gyara gada, ya kwana a Zariya, ya iso washegari duk ya yi buɗu-buɗu. Muka taru gaisuwa a gindin tsamiya. Malam Bitrus ya ce, "To Baba, yanzu ka hau ka gani. Mil saba'in ne ko ba saba'in ba?"

Baba ya ce, "Na leƙa ta taga, Malam. Tun daga nan har Kaduna ban ga dutsen mil ko ɗaya a sama ba. Wanda ya ce maka saba'in ne, ka tambaye shi a ina ya kafa su."

Ardo ya ce an yanka bawansa ba a ba shi fata ba. Aka yi ta raha har jama'a suka watse, muka rage daga ni sai shi. Ina jiran zagi, na ma riga na sunkuyar da kai. Sai ya ce in zauna.

Ya ce, "Rogo in ruwan damina ya shige shi, ko kwana ka yi kana dafawa ba ya nuna. Kowace mace a garin nan ta sani, amma ba wadda ta san agogonmu ne zai tsaya. Da damina Kaduna ɗanyar masara ce, goyo huɗu, da rigarta. Zariya ɗanyar gyaɗa. Kano na nan a wake." Ya murza agogonsa. "Ka san dalilin da nake aiken ka Dandume?"

Na ce ban sani ba.

"Wanda ya koya mini aikin soja ya ce in ka koya wa yaro sana'a ka rage abu ɗaya a aljihu, don ranar da ya san komai ranar za a ce tsoho ya koma gida. Ina tsoron ranar nan, Sale. Sai na rage masara. Ina kwance a kan ƙyauren nan ina jin jirgi na zagaye, na ce Tanko, ga abin da ka ɓoye nan, a aljihunka za a binne ka da shi."

Na ce Allah ya kiyaye gaba. Ya ce amin, in tashi in ɗauko kwando, shanu ba su yi hutu don ya yi ciwo ba. Amma daga ranar ya zama wani mutum daban. Duk abin da ya sani sai ya faɗa mini, har da wanda ban tambaya ba, har da yadda ake ɗaure takalmin soja. Ya ƙara shekara uku a fili, ba wanda ya ce ya koma gida sai da shi ya ce ya gaji. Ni na ci gaba har kamfani ya daina kawo jirgi, aka nome filin. Agogo kuwa na saya daga baya, mai tafiya, amma ban daina ɗora tukunya ba, don Gwaggo da 'ya'yanta ba su iya duba agogo ba.

Kuna cewa Kaka Sale in ya fara magana ba ya ƙarewa, ko dashen barkono zai nuna wa mutum sai ya haɗa masa da tarihin fartanya. Haka ne, kuma ba zan daina ba. Na ga mutumin da ya rage wa yaronsa magana ɗaya, na kuma ga abin da ta kusa yi masa. Ni ban rage muku komai a aljihu ba. Hadiza, tashi ki duba masarar nan da kika ɗora tun ɗazu, a lissafina ta wuce Zariya.